Shaf ɗaya da boris biyu: fashin baƙi kan kwas ɗin farko na tsara inji da ƙera shi

Ɗalibin injiniyan kanikanci yakan cinye shekararsa ta farko a jami'a yana fama da lissafi da fiziks da kemistiri, inda kowace tambaya take da amsa ɗaya tak, kuma amsar tana bayan littafi. Kwas ɗin tsara inji da ƙera shi ne wuri na farko da ake miƙa masa aikin da amsarsa ba ta rubuce a ko'ina. A ce masa ga abin da ake so injin ya yi, ga ƙarfen da ke sito, ga injinan da ke wokshof, ga makonnin da suka rage, je ka kawo abin da zai yi aiki.

A cibiyar fasaha ta MIT da ke Amurka kwas ɗin nan ya yi suna da lambarsa, 2.007, wanda da can ake kira 2.70. Farfesa Woodie Flowers ya karɓi ragamarsa a 1974. Ana ba kowane ɗalibi kayan aiki iri ɗaya, ya tsara na'urarsa ya ƙera da hannunsa, a ƙarshen zango a yi gasa. A jami'o'in Najeriya, irin su Ahmadu Bello ta Zariya da Bayero ta Kano, karatun injiniya shekara 5 ne, kuma wannan ilimin a rarrabe yake: zanen injiniya da aikin wokshof a aji biyu, sai horon aikin hannu lokacin hutu da ake kira SWEP, sai darasin tsara sassan inji a gaba, sai watannin koyon aiki a masana'anta, wato SIWES, a aji huɗu. Ko a haɗe ko a rarrabe, abin da ake son ya shiga kan ɗalibi guda ne: duk layin da ya ja a takarda, akwai wanda zai tsaya gaban inji ya fitar da shi daga ƙarfe, kuma layin na iya sauƙaƙa wa mutumin aiki ko ya sa shi abin da ba zai yiwu ba.

Hanya mafi sauƙi ta ganin haka ita ce a ɗauki aiki ƙarami a bi shi har ƙarshe. Mu ɗauki sashen da ke juya injin ɓarar gyaɗa: moto mai aiki da lantarki, fuli biyu (ƙafafun da bel ke hawa), bel, shaf ɗaya (sandan ƙarfe mai juyawa), boris biyu da ke riƙe shi, da firam na ƙarfen angul.

Kafin a zana komai

Matakin farko shi ne mayar da buƙata ta koma lambobi. "Injin ya yi ƙarfi" ba buƙata ba ce, fata ce. Buƙata ita ce a ce shaf zai yi juyi kusan 480 a minti, zai yi aiki awa 8 a rana cikin ƙura, mutum biyu za su iya ɗaga injin, kuma duk abin da ya lalace za a same shi a kasuwa. Daga nan a zana dabaru uku ko huɗu da fensir a kwatanta su. Ɗalibai kan raina wannan matakin su ruga kwamfuta, su buɗe manhajar zane irin SolidWorks ko Fusion 360, su kwana suna ƙawata dabarar farko da ta faɗo musu. Wanda ya riga ya ɓata kwana uku a kan zane ba ya son a ce masa dabarar ba ta yi ba. Zanen fensir na minti biyar kuwa ba wanda ke jin zafin yaga shi.

Lissafin da ke yaudarar mai koyo

Moton ya kasance mai kilowat 1.5, yana juyi kusan 1440 a minti, kamar yadda moto mai fol huɗu yake yi a wutar da ke da zagaye 50 a daƙiƙa. A sa masa fuli mai faɗin milimita 100, a sa wa shaf mai 300. Gudu ya ragu sau 3 ya koma 480, ƙarfin murɗa kuma ya ninka sau 3. Ana samun ƙarfin murɗa ta hanyar ninka kilowat da 9550 a raba da yawan juyi: a bakin moto kusan niyuton-mita 10, a kan shaf kusan 30.

Idan shaf ɗin mai kaurin milimita 20 ne, wannan murɗa tana ɗora wa ƙarfen matsi na kusan megafaskal 19 (megafaskal ma'aunin matsi ne). Ƙarfe mai laushi na gama-gari, irin wanda ake walda da shi, sai matsin ja ya kai wajen megafaskal 250 kafin ya fara miƙewa ya ƙi komawa. Ɗalibi ya ga 19 a gefe, 250 a gefe, sai ya rufe littafi ya ce an gama. To ba murɗa ce ke karya irin wannan shaf ba, bel ne.

Don bel ya ja fuli mai faɗin 300 da wannan ƙarfi, dole gefe ɗaya ya fi ɗayan tauri da niyuton 200. Amma gefen biyu duk suna jan shaf ɗin zuwa wajen moto, kuma sai an ɗaure bel tamau kafin ya daina santsi. A ƙaddara jimillar jan ta kai niyuton 600, wato kamar an rataya kilo 60 a bakin shaf. Idan tsakiyar fuli tana nesa da boris da milimita 60, matsin lanƙwasa a gindin boris kusan megafaskal 46 ne. Idan kuwa mai zane ya tura fulin can waje, milimita 150, don kawai ya sami wurin sa murfi, matsin ya haura zuwa kusan 115. Ba a canza moto ba, ba a canza ƙarfe ba, tazara kawai aka ƙara.

Kuma wannan matsin ba a tsaye yake ba. Bel yana ja ta gefe ɗaya, shaf yana juyawa, don haka kowane ɗigo a jikinsa ana miƙe shi sannan a matse shi sau ɗaya a kowane juyi. Juyi 480 a minti na awa 8 ya kama sau 230,400 a rana, kafin kwana 5 an wuce miliyan. Abin da ke faruwa da waya idan aka yi ta lanƙwasa ta gaba da baya har ta tsinke, shi ke faruwa a nan, sai dai a hankali. Wannan ita ce gajiyar ƙarfe. Tsagar ba ta farawa ko'ina sai inda siffa ta canza farat ɗaya: kafaɗar da boris ke jingina, ƙarshen ramin ki (ɗan ƙarfen da ke ƙulle fuli da shaf), ko zanen da bakin yanka ya bari. A kusurwa mai kaifi matsin na iya ninkawa biyu ko fiye, sai 115 ta koma sama da 200, alhali ƙarfe mai laushi ba ya jure wannan a ƙarƙashin nauyi mai juyawa. Shaf ɗin zai yi gwaji lafiya, a ba da maki, ya karye bayan an kai shi gona. Wanda ya duba wurin karayar zai ga sashe mai santsi da layuka lanƙwasassu inda tsagar ta yi ta rarrafe, da sashe mai kaushi inda ragowar ta ɓalle lokaci guda.

Maganin ba tsada gare shi ba. A matso da fuli kusa da boris. A yi wa gindin kafaɗa 'yar lanƙwasa maimakon kusurwa, amma kada ta fi ta bakin boris girma, in ba haka ba boris zai hau kanta ya ƙi zama daidai. Ga boris mai lamba 6204, wanda ya dace da shaf mai 20, kada ta wuce milimita 1. In hakan bai isa ba a ƙara kauri: daga 20 zuwa 25 matsin lanƙwasa yana raguwa kusan rabi, domin ana raba shi ne da kauri sau kauri sau kauri.

Akwai wani ruɗani da kusan kowane aji ke faɗawa. Idan shaf yana lanƙwasawa da yawa, ɗalibi sai ya ce a sayo ƙarfe mai ƙarfi. Ƙarfi daban, tauri daban. Kusan duk nau'o'in ƙarfen sitil, mai arha da mai tsada, taurinsu ɗaya ne, wajen gigafaskal 200 zuwa 210, alminiyom kuma kusan kashi ɗaya cikin uku na haka. Ƙarfe mai tsada zai jinkirta karyewa, amma lanƙwasar da yake yi a ƙarƙashin nauyi ba za ta ragu ba. Siffa ce ke rage ta. Ninka kauri biyu yana ƙara tauri sau 16, ninka tsawon da ya fito waje biyu kuma yana ƙara lanƙwasa sau 8.

Inda zane ke haɗuwa da ƙira

A ganinmu zuciyar kwas ɗin tana nan, a kan rangwamen awo. Babu injin da ke fitar da milimita 20 cif. Abin da za a iya shi ne a ce kaurin ya faɗa tsakanin kaza da kaza, kuma mai zane ne ke da alhakin faɗin wannan tsakanin.

Boris 6204 ramin cikinsa milimita 20 ne, bayansa 47, faɗinsa 14. Lambobi biyu na ƙarshe idan aka ninka da 5 suna ba da ramin, daga 04 zuwa sama, shi ya sa 6205 ke da rami 25. Tunda shaf ne ke juyawa, nauyi kuma yana fuskantar gefe ɗaya, zoben ciki dole ya kama shaf gam. Idan ya yi sako-sako, zai riƙa zamewa a hankali yana cin shaf, sai a ga wani jan gari kamar tsatsa yana fitowa, wurin ya rame. Ƙa'idar ISO 286 ta tanadi haruffa da lambobi don wannan. Idan aka rubuta k6 a kan shaf mai 20, ana nufin kaurin ya kasance tsakanin 20.002 da 20.015. Ramin gidan boris kuma, idan aka rubuta H7 a kan 47, tsakanin 47.000 da 47.025.

A lura da tazarar ta shaf: milimita 0.013. Takardar da ake buga rubutu a kanta kaurinta kusan 0.1 ne. Baniya, ma'aunin kauri na hannu da yawancin ɗalibai ke riƙewa, tana karanta 0.02, wato ba za ta ma iya ganin tazarar ba. Aikin maikuromita ne, ma'aunin da ya fi baniya gano ƙaramin awo, ita ma sai an tabbatar tana kan sifili. Ga kuma zafi. Sitil yana buɗewa kusan milimita 0.012 a kowace mita a kan kowane digiri ɗaya. Shaf mai 20 da ya ɗau zafin yanka ya haura da digiri 40 ya ƙaru da kusan 0.01. Wanda ya auna shi da zafinsa ya ga 20.008 ya yi murna, in ya huce zai tarar da shi ƙasa da 20, boris ya shige ba tare da turjiya ba. Ƙarfen da aka fere kuma ba ya dawowa.

To a nan ne mai tsara inji na ƙwarai yake tambayar kansa: wokshof ɗin da zai yi aikin nan zai iya riƙe 0.013? Idan tsohon injin les ne, wato injin fere ƙarfe, da ya sha aiki, ga mai koyo a kansa, amsar a'a ce. Sai a sauya tsari. A sayo boris mai gidansa, irin UCP204, wanda ake ɗaurewa a kan firam da kusoshi biyu, yana kama shaf da ƙananan sukurori, kuma yana iya ɗan karkata ya bi shaf idan firam bai miƙe sosai ba. An kauce wa fere ramin 47 gaba ɗaya, shaf kuma ya isa ya zama mai shiga da hannu. Wannan zaɓin ya fi nuna fahimta a kan cika takarda da k6 da H7 da ba mai iya cikawa.

Hattara da inci. Akwai UCP204-12, gidansa iri ɗaya, amma raminsa inci uku bisa huɗu ne, wato milimita 19.05. Rodi ma a kasuwa wani na inci ne, wani na milimita, kuma ido ba ya bambance su. Mai zuwa sayen kaya, ko a Panteka ta Kaduna ko a ina, ya tafi da baniya a aljihu, kuma a sayi boris kafin a fere shaf.

Kishiyar wannan matsalar ita ce tsaurara awo a inda ba a buƙata. Tsawon shaf gaba ɗaya ko ya ƙaru da rabin milimita ba abin da zai faru. Duk inda aka rubuta lamba uku bayan ɗigo, an ƙara wa mai ƙira lokaci da kuɗi. A shaf ɗin nan wurare uku ne kacal ke son tsanani: mazaunin boris biyu da mazaunin fuli.

Yadda ake jera awo a zane ma yana da tasiri. A ce ramuka huɗu ne a jere, kowanne an auna shi daga na kusa da shi da rangwamen 0.1. Kuskuren yana taruwa, tsakanin na farko da na huɗu zai iya kai 0.3. Idan duk an auna su daga gefe guda, kowanne kuskurensa 0.1 ne daga wannan gefen. Sannan a saka alamar tsarin hasko zane, na kusurwa ta farko da aka saba da shi a Turai ko na kusurwa ta uku na Amurka, domin wanda ya karanta ɗaya a matsayin ɗayan zai huda rami a ɓangaren da ba shi ba.

A gaban inji

Injin les, wato injin fere ƙarfe, yana juya aikin ne, bakin yanka na tsaye. Saurin juyi ba da ka ake zaɓarsa ba. Bakin yanka na sitil mai jure gudu yana son kusan mita 25 zuwa 30 a minti a kan ƙarfe mai laushi. A ninka wannan da 1000, a raba da kaurin aiki sau 3.14. Rodi mai 25 ya kama kusan juyi 380 a minti, sai a zaɓi giyar da ta fi kusa daga ƙasa. Idan aka zarce, bakin yana ƙonewa ya dakushe, ɓawon ƙarfen ya riƙa fitowa shuɗi. Alminiyom yana ɗaukar ninki uku na wannan gudun ko fiye.

Bakin yanka ya tsaya daidai tsakiyar aiki. In ya yi sama yana gugar ƙarfe maimakon yanka, in ya yi ƙasa yana barin ɗan tsiro a tsakiyar fuska. Idan abin da ya fito daga bakin damƙa, wato inda inji ke riƙe aiki, ya wuce kaurinsa sau 3, a huda masa cibiya a tallafe shi da madogarar baya, in ba haka ba zai riƙa gudun bakin yanka yana kakkarwa, ya fito da kauri a ƙarshe. Kuma a san irin ma'aunin da ke jikin hannun injin: a wasu injinan in ka shigar da rabin milimita, milimita ɗaya ce ta tafi daga kauri, saboda ana cirewa ta kowane gefe. Wannan kaɗai ya kashe shaf da yawa. Tsarin da ke fitar da mutum shi ne a yi yankan gaggawa a bar kamar rabin milimita, a bari ya huce, a auna, sannan a yi yankan gamawa kaɗan-kaɗan ana aunawa. Mazaunan boris biyu a fere su a ɗauri ɗaya, ko tsakanin cibiya biyu, don su hau layi guda.

Bakin huda ba ya ba da rami mai daidaito, yakan fito da ɗan girma kuma ba zagayayye sosai ba. Ramin da ake son ya kama wani abu, a huda shi ƙasa da awo da 0.2 ko 0.3 a gama da rima, bakin da ke daidaita rami. Ramin tiredi kuwa, a cire tazarar tiredi daga kaurin kusa: M6 ana huda 5, M8 ana huda 6.8, M10 ana huda 8.5. Taf, wato bakin yanka tiredi cikin rami, yana karyewa ne idan ya shiga a karkace, ko babu mai, ko an ƙi mayar da shi baya lokaci-lokaci don ɓawon ya tsinke. Taf da ya karye cikin rami ya fi ƙarfen da ke kewaye da shi tauri, bakin huda ba zai ci shi ba. Ramin ki na shaf mai 20 faɗinsa 6 ne, zurfinsa 3.5. Kuma duk aljihun da za a sassaƙa da baki mai juyawa ba zai taɓa fitowa da kusurwar ciki mai kaifi ba, tunda bakin zagayayye ne. Kwamfuta za ta zana ta ba musu, injin ba zai yi ba.

Batun kariya ba na wasa ba ne, kuma yana da nasaba da suturarmu. Babbar riga, hannun kaftani mai faɗi, mayafi ko hijabi mai lilo, carbi a wuya, zobe, agogo, duk ba sa kusantar abin da ke juyawa. A sa rigar aiki, a cusa duk abin da ke reto a ciki. Safar hannu tana da amfani a walda, amma a les da injin huda ita ce ke jan hannu ciki. Makullin bakin damƙa ba ya barin hannu sai an zare shi, domin in aka kunna inji yana ciki, harba shi zai yi. Ɓawon ƙarfe da buroshi ake share shi, bayan inji ya tsaya.

Haɗawa

Firam ɗin walda ba ya fitowa yadda aka zana. Wurin da aka narka yana tsukewa in ya huce, ya ja ƙarfen zuwa gefensa. Don haka a fara ɗiɗɗiga walda a kusurwoyi, a auna tsallake biyu a ga sun yi daidai, sannan a cika ana sauya gefe. Ramukan mazaunin boris a huda su bayan an gama walda. Na moto a yi su dogaye don a sami damar ɗaure bel. Fuli biyu a daidaita su da miƙaƙƙen ƙarfe da aka ɗora a fuskokinsu, domin bel da ke gudu a karkace gefensa yake cinyewa.

Idan boris mai shiga da matsi aka zaɓa, ƙarfin turawa ya bi ta zoben da ake shigarwa. Za a sa shi a shaf, a tura zoben ciki da guntun bututu. Wanda ya doki zoben waje da guduma ya bi da dukan ta cikin ƙwallayen, sun lotsa hanyarsu, boris zai fara kuka tun ranar farko. Ana iya ɗumama shi ya buɗe, amma kada ya wuce digiri 120, kuma ba da harshen wuta ba. Boris ɗaya ne ke riƙe shaf kada ya yi gaba ko baya, ɗayan a bar masa damar zamewa kaɗan. Shaf mai tazarar rabin mita tsakanin boris, in ya ɗau zafin digiri 30 fiye da firam, ya ƙaru da kusan milimita 0.18, kuma in an ƙulle duka biyun, ƙwallaye ne za su sha wannan matsin.

Gwajin farko da hannu ake yi, ba bel. A juya shaf a ji ko akwai inda yake cijewa. A ɗora agogon awo a mazaunin fuli a ga yawan rawar da yake yi. Sannan a sa bel da murfinsa a kunna babu kaya na 'yan mintoci, a kashe, a taɓa gidan boris. Ɗumi ba laifi ba ne, zafin da hannu ba zai iya zama a kai ba kuwa alama ce ta bel da aka ɗaure fiye da kima, ko boris biyu da ba sa kan layi, ko giris da aka cusa ya yi yawa. Duk canjin da aka yi a wokshof, ramin da aka matsar ko kaurin da aka ƙara, a koma a gyara shi a zane a sa lambar bita da kwanan wata, domin wanda zai fere shaf na biyu takardar zai bi, ba injin da ke tsaye ba.